Murfin Kasko da Kumfar Rumfar Jirage

Duk unguwar da ake suyar safe an san abin da ake yi idan mai ya kama da wuta. A Zariya ta Maraɗi, inda da wuya ka sha kwana ba ka tarar da mai ƙosai ko mai fanke ba, da gidajen da ake matsar gyaɗa a toya ƙuli-ƙuli, ba a makaranta ake koyon wannan ilimi ba. Mai ya daɗe bisa wuta har ya fara hayaƙi, mai suya ta juya tana ba da canji, kafin ta waiwayo harshen wuta ya lashi bakin kasko, sai bal! Yarinyar da ke taya ta, da yake hankalin kowa wajen ruwa yake gudu, sai ta rarumi moɗa.

"Ke, ajiye ruwan nan! Miƙo min tire."

Uwar ta zare itace daga murhu, ta kifa babban tiren ƙarfe bisa kaskon, ta ja da baya.

"Inna, in buɗe?"

"Kul! Bar shi ya huce."

Tsawar nan tana da dalili. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka yana shiga yake nutsewa ƙasan kasko, inda zafi ya ninka na tafasar ruwa. Nan take ya zama tururi, tururin kuwa ya kan ci wuri kusan sau 1,700 na ruwan da ya haife shi, sai ya yi watsi da man mai ci a fuska da zane da rumfar kara. Shi kuwa tire ba faɗa yake yi da wuta ba. Raba ta da iska yake yi, ya kuma danne tururin man, wanda shi ne ainihin abin da ke ci.

Kumfar da ake kashe gobarar man jirgi da ita aikin tiren nan take yi. Wani malamin makaranta ne a Baku, garin rijiyoyin mai, Aleksandar Loran, ya fara gwada ta a 1902, da ya ga ruwa ba ya tsinana komai a gobarar mai. Man jirgi ɗan uwan kananzir ne, ya fi ruwa sauƙi, in ka watsa masa ruwa sai ya hau bisansa ya bi shi duk inda ya gangara, yana tafe yana ci. Amma in ka kaɗa ruwan da wani sinadari da iska ya zama kumfa, ya fi man sauƙi ke nan, sai ya kwanta a kansa ya rufe. Ruwan da ke tsattsafowa daga kumfar kuma yana sanyaya wurin. Murfi ne wanda ake iya turawa ta bututu.

Filin jirginmu na Maraɗi ƙarami ne, kuma rumfunan da ake shigar da manyan jiragen fasinja a kwance su a gyara suna can su Adis Ababa da Alkahira da Legas. Duk da haka maganar ta shafe mu, don kumfar nan ita ce a cikin motocin 'yan kwana-kwana na filayen jirage, ita ce a ma'ajiyar mai da matata irin ta Damagaram, kuma duk ranar da aka tashi gina babbar rumfa a Kano ko Yamai, wani zai zauna a ofis ya sa hannu a kan irin kumfar da za a saya. Gara a san abin da zai sa wa hannu.

A duba girman kaskon tukuna. Boeing 747-400, irin wanda ya sha jigilar alhazai daga ƙasar Hausa, yana ɗaukar mai wajen lita 216,000, abin da ya kai tanka biyar ko shida na manyan motoci. Ƙaramin 737-800 ma yana shan lita 26,000. Galibin man a cikin fukafukai yake, kuma ba kullum ake zuƙe shi kaf kafin a ja jirgi cikin rumfa ba, saboda zuƙewar na cin lokaci da kuɗi. Ga kuma wani abu da ya kamata ya hana mu barci fiye da Turawa. Ƙa'idar man jirgin da ake kira Jet A-1 ita ce kada ya fara fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai digiri 38 ko sama. A ƙasar sanyi wannan rata ce babba, mai ya zube a daɓe ya kwanta lafiya. A Maraɗi, cikin watan Afrilu da Mayu, inuwa ma tana haura digiri 40, balle daɓen siminti ƙarƙashin rufin kwano. Man da ya zube a nan a shirye yake, tartsatsi kawai yake jira.

Cewa rumfar jirage tana ƙonewa ba tatsuniya ba ce. A watan Mayu na 2006 wuta ta tashi a rumfar gyara ta Sabena Technics a filin jirgin Burasel, ta lamushe jirage huɗu a dare ɗaya, uku Airbus A320, ɗaya C-130 na sojan Beljiyam. Mu kuwa abin da mai ke yi idan ya malala mun gani a watan Mayu na 2019, da tankar nan ta faɗi ta fashe kusa da filin jirgin Yamai ta hallaka mutane fiye da 50.

Littafin da yawancin masu gina rumfuna ke bi shi ne na ƙungiyar kiyaye gobara ta Amurka, NFPA, mai lamba 409. Ya kasa rumfuna huɗu. Kashi na farko su ne manya, waɗanda ƙofarsu ta haura mita 8.5 a tsayi, ko faɗin ɗakin ya wuce murabba'in mita 3,716. A kan waɗannan ne aka fi tsanantawa, kuma a nan ne zaɓin murfi yake da wuya.

Tsohuwar hanya ita ce a jera bututai a rufi, bakinsu a buɗe, da an hango wuta a saki kumfa mai nauyi ta zubo ko'ina lokaci ɗaya. Wannan kumfa ba ta kumbura fiye da sau 20, tana da jiki, tana kwanciya da kyau. Sai dai a yi lissafin ruwanta. Ƙa'idar ta nemi wajen lita 6.5 a minti ga kowane murabba'in mita. Ɗakin da ya kai 3,716 zai sha lita 24,000 ke nan a minti ɗaya, kusan jarka dubu irin ta 'yan ga-ruwa, kuma kumfar sai ta yi aƙalla minti 10 tana zuba. Ba famfon gari zai ba da wannan ba. Sai an gina tanki na musamman, da injinan turo ruwa masu aiki da gazuwal, don wanda ya ga yadda Maraɗi ta kwana a duhu bayan Najeriya ta yanke layin lantarki a watan Agusta na 2023 ba zai jingina ran jirgi da waya ba.

Kuma ko an samu ruwan, akwai inuwar fiffike. Jirgi na tsaye a tsakiyar ɗaki, man ya zubo ƙarƙashinsa, kumfar da ke saukowa daga sama tana dira bisa bayan fiffike ne, wutar na ƙasa tana gasa cikinsa. Mai suya ta san wannan sarai: in ka manta matsami a gicciye bisa kasko, tire ba zai zauna ba, wuta ta dinga leƙowa ta gefe. Shi ya sa aka ce duk jirgin da faɗin fukafukansa ya wuce murabba'in mita 279 sai an ƙara masa wasu bakunan feshi a ƙasa. Wasu suna kafa manyan bakuna masu juyawa dama da hagu a gefen bango, waɗanda tsani ɗaya ko akwatin kayan aiki da aka bari a gabansu ya isa ya tare su. Wasu kuma suna binne bakunan cikin kwatar daɓe, kumfa ta ɓulɓulo daga ƙasa ta malale ƙarƙashin jirgin ba ta taɓa injinsa ba. A ganina wannan ta biyun ta fi hankali, don murfi a kan mai ake son shi, ba a kan jirgi ba.

Sai kuma kumfa mai yawan kumbura, wadda ita ce ta fi burge mai kallo. Manyan fankoki ne a rufi ke hura iska ta cikin raga da aka jiƙa, kumfa ta kumbura sau 200 har zuwa 1,000, ta zubo fara fat ta cika ɗakin. Ruwanta kaɗan ne, abin da zai ja hankalin duk mai gini a ƙasar fari. Amma wannan kamar a ce an ga wuta a kasko ne aka kifa ƙatuwar garwa bisa kaskon da murhun da mai suyar gaba ɗaya. Wanda ta rufe ba ya gani, ba ya jin kira, bai san ina ƙofa take ba. A watan Janairu na 2014, a sansanin sojan sama na Eglin da ke jihar Fulorida, sanyi ya fasa wani bututu, na'ura ta ɗauka gobara ce ta saki kumfa ta shafe tsayin mutum ta wuce, wani ma'aikaci ya rasu a ciki. Ko ƙyallin wuta babu a wurin.

Nan ne maganar ta fi ɗaure kai, kuma nan ne masu tallan kaya ba su cika tsayawa ba. Masu bincike na Jami'ar Merilan sun tattara labarin lokutan da kumfa ta ɓalle a rumfunan jirage, suka fitar da rahoto a 2019. Mafi yawansu, da rata mai nisa, ba gobara ce ta tayar da su ba. Wani ya danna abin da bai sani ba, wani gwaji yake yi ya manta bai rufe bawul ba, wani wurin ruwa ne ya shiga waya, wani kuma na'urar da ke hango wuta ce ta ga hasken walda ko wani abu makamancinsa. Kowace ɓallewa kuwa asara ce, don kumfa ta shiga injin da aka buɗe ko akwatunan lantarkin jirgi, sai an kwance an wanke an sake aunawa, wani abin ma sai an jefar. Ka ɗauka mai ƙosai ta ɗauki 'yar aiki mai tsananin tsoron wuta, wadda duk ta hango hayaƙi, ko daga murhun maƙwabta ne, sai ta kwashi yashi ta zuba cikin mai. Rumfar ba za ta taɓa ƙonewa ba, gaskiya ne. Amma kafin Sallah jari ya ƙare. A wajenmu kuma ga ƙurar hunturu da ke dusashe gilashin na'urar hango wuta, ga zafin da ke lalata sinadarin in an ajiye tankinsa a rana, ga kayan gyara da sai an yo odarsu daga ƙetare. Na'urar da ake gogewa ana gwadawa a kai a kai a Jamus tana yin kuskure, ina ga wadda aka ƙaddamar da ita da tambura aka manta?

Duk wannan a kan siffar murfin ne. Abin da aka yi murfin da shi ya fi muni.

A shekarun 1960 ɗakin binciken sojan ruwan Amurka da kamfanin 3M suka haɗa wata kumfa da ake kira AFFF. Gobarar jirgin ruwan yaƙi Forrestal a watan Yuli na 1967, wadda ta kashe mutum 134, ta ƙara sa sojan ruwa suka rungume ta, daga nan ta cika filayen jirage na duniya. Ba a yi ƙarya ba wajen yabonta. Tana sakin wani siririn ruwa da ke gudu bisa fuskar man ya riga kumfar kanta, ya toshe tururi, in an yaga shi ya sake haɗewa. Ana zuba kashi 3 ko 6 cikin ɗari a ruwa, ta kashe wutar kananzir cikin ƙiftawa da bismilla. Sirrinta shi ne wasu sinadarai da ake kira PFAS, waɗanda aka ƙulla da fuloirin da kabon, ƙullin da wuta ba ta kwance shi. To abin da wuta ta kasa kwancewa, rana da ƙasa da cikin ɗan Adam ma ba su iyawa. Yana bin ruwa ya sauka rijiya, ya shiga kifi da ganye da nono, ya taru a jini shekara da shekaru. 3M ta ba da sanarwar daina yin nau'in PFOS a 2000. Yarjejeniyar Istokholm ta sa PFOS cikin jerin abubuwan da aka taƙaita a 2009, ta sa ɗan uwansa PFOA cikin jerin waɗanda za a kawar a 2019, kuma Nijar da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar. A ƙarshen 2023 hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce PFOA na haddasa kansa ga mutum. A shekarar dai 3M ta amince ta biya hukumomin ruwan sha na Amurka dala biliyan 10.3.

Tire ne mai kyau, ya dace da bakin kasko, sai dai an dama piya-piya a cikinsa. Kuma tunda an ce yawancin ɓallewar kumfa ba ranar gobara ba ne, gubar tana zuba ne a banza. A watan Afrilu na 2017 wajen lita 22,000 na kumfar suka tsiyaye daga rumfar kamfanin jiragen sama na Qantas a Birisben, wani kaso ya shiga ruwan da ake kamun kifi, aka gargaɗi mutane su dakata da cin abin da aka kamo. A watan Agusta na 2024, a Buranzuwik ta jihar Men a Amurka, tsohuwar rumfar sojan ruwa ta saki galan 1,450 na sinadarin haɗe da ruwa galan 50,000, kumfa ta bi kwata ta cika tafkuna, iska tana ɗibarta tana yawo da ita.

A kawo wannan gida. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ba ya riƙe ruwa. Abin da ya zuba a tudun Maraɗi ko dai ya nutse, ko ya gangara Gulbi, wanda ya taso daga wajen Jibiya ya ratso ta Jiratawa, ya wuce ta gindin birni ya nufi Tibiri kafin ya koma Najeriya. A Jiratawa kadada wajen 500 ake nomawa da ruwan da ake zuƙowa daga ƙarƙashin kwarin, zogale da albasa da sauran kayan lambun da ke cika kasuwannin gari. Mutanen Tibiri kuwa ba sai an yi musu dogon bayani a kan ruwa mai kyan gani da mugun ciki ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000 sun sha ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid, ɗaruruwan yara suka taso da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta rubuta rahoto a kai a 2002. Wancan daga dutsen ƙasa ya fito, ba shi ne PFAS ba, ciwon ma daban ne. Abin da ya haɗa su shi ne ba launi, ba wari, kuma sai bayan shekaru ake ganewa, lokacin da yaran sun riga sun sha.

Akwai madadi yanzu, kumfar da ba ta da fuloirin. Majalisar Amurka ta umarci sojojinta su bar AFFF, ma'aikatar tsaronsu ta fitar da ƙa'idar sabuwar kumfa a watan Janairu na 2023, filayen jirage da dama a Turai da Ostareliya sun ma riga su sauyawa. Sai dai kada a ruɗi kai. Sabuwar ba ta da siririn ruwan nan mai gudu, jikin kumfar ne kaɗai murfin, don haka dole a kaɗa ta da iska sosai, a zuba ta a hankali, sau da yawa kuma a zuba fiye da ta da. Wasu nau'o'inta suna da kauri, na'urar da ke auna ta cikin ruwa ta da ba lallai ta ja ta daidai ba. Ba a juye tsohuwa a zuba sabuwa a tafi. Bakunan feshi sai an duba, tanki da bututai sai an wanke, ruwan wankin kuma shi ma guba ne da ke neman wurin zuwa. 'Yan kwana-kwanan da suka saba da tsohuwa, waɗanda hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA ke horarwa a makarantarta ta Duwala da takwarorinsu na Najeriya, hannunsu sai ya sake koyo. Wanda zai fara gini yau ya fi kowa sa'a, don ba shi da tsohon bututun wankewa. Abin tsoro gare shi ɗaya ne, arha. Kayan da aka hana a wata ƙasa ba ɓacewa suke yi ba, mai saye suke nema, kuma ganga mai rahusa da aka ce "irin ta sojan Amurka ce" tana da daɗin sa hannu.

Su kansu masu littafin 409 sun ja baya. A bugun 2022 sun sassauta wa matsakaitan rumfuna tilascin kumfa, sun ba da dama a auna haɗarin kowace rumfa a zaɓa mata abin da ya dace da ita, sun kuma yarda da wata dabara da ba ta da kumfa sam. Daɓe ne na goran ruwa mai ƙananan huji, ƙarƙashinsa magudanai. Mai ya zuba, ya faɗa hujin, ruwa ya kora shi zuwa tanki a waje kafin ya yi kududdufin da zai ci. Tsofaffin masu suya haka suke yi tun asali. Ba su cika kasko har baki, suna gyara duwatsun murhu ya zauna daram, galan ɗin mai kuma yana nesa da wuta. Daɓen yana da tsada, kuma a garin da iska ke shigo da yashi ta kowace kafa sai an yi tunanin wa zai dinga share magudanan.

Da za a tambaye ni, ƙaramar rumfa ta jirgi mai farfela ɗaya ko biyu, irin wadda fili kamar na Maraɗi zai buƙata, ba ta da hurumin kwaikwayon ta Adis Ababa. A rage mai kafin a shigar da jirgi, a karkata daɓe ya zuba waje, a sa yayyafin ruwa don rufin ya tsira, a ajiye tukwanen kashe wuta masu taya da mutanen da suka iya su. Babba kuwa ta ɗauki kumfa marar fuloirin mai fitowa daga ƙasa, da ruwa zalla a sama, da na'urori biyu da sai sun yarda da juna kafin a saki komai, da maɓallin tsayarwa a inda hannu zai kai.

Sai rami. A takardar kwangila shi ne layin da ake fara sokewa idan kuɗi suka gaza, don ba ya fitowa a hoton buɗe gini. Rami ne mai siminti da leda wanda duk abin da ya zuba a daɓe zai gangara cikinsa ya tsaya, da bawul da ke rufe hanyar kwatar gari da zarar kumfa ta tashi. Ko kumfar ba ta da fuloirin, ruwan da ya wanko man jirgi da ƙonannen fenti ba na sakin wa Gulbi ba ne. Girmansa kuma ba a ƙiyasta shi da ido. Minti 10 na waccan rumfa da muka lissafa lita 240,000 ne, ban da ruwan mesa na 'yan kwana-kwana, ban da abin da sama za ta ƙara in abin ya faɗo a watan Agusta.